Abin da Lefteri Ke Faɗa Idan Jirgi Ya Zo

Lefteri mai aski yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da jirgin ƙasa zai wuce ta kanmu, sai ya ɗaga aska daga wuyan mutum, ya rufe ido, ya fara magana.

Mu sauran mutanen unguwa ba haka muke yi ba. Duk wanda ya zauna a Astoria, unguwarmu a New York, ƙarƙashin gadar ƙarfen nan da ke ɗauke da dogo da tasha, ya san yadda ake yi. Idan jirgi ya taso, kowa sai ya riƙe maganarsa a inda take. Mai ciniki ya tsaya da baki buɗe, mai faɗa da matarsa ya tsaya da yatsa a sama, har ƙarar ta wuce, tagogi su daina rawa, sannan kowa ya ɗora daga kalmar da ya bari. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta je biki can wani ƙauye inda babu dogo. An ce a tsakiyar zance takan yi shiru haka kawai, tana kallon rufi, masu gida suna ta ba ta ruwa.

Shagon Lefteri yana daidai gindin matakalar tasha. Kujerar aski ɗaya ce, sai benci, sai madubi da wani jirgi ya tsaga tun kafin ya kama hayar wurin. A gaban madubin akwai wata kwalba mai shuɗin ruwa inda yake tsoma mataji da almakashi. Kafin kunne ya ji jirgi, ruwan nan ya fara rawa. Da Lefteri ya ga haka, sai ka ji askar ta bar wuyanka. Ka duba madubi, ka gan shi ido a rufe, fuska a sake kamar mai addu'a, leɓɓa suna ta aiki. Ba ka jin ko kalma ɗaya. Ƙarar na wucewa sai ya buɗe ido ya ce, "A ƙara rage gefen nan, Barba Sotiri?" Sotiri ni ne. Barba kuwa haka muke ce wa dattijo, ko da ya girme ka da wata uku ne.

In ban da wannan, ban taɓa sanin mutum mai ladabi kamarsa ba. Daga wani ƙaramin tsibiri ya fito, inda uwarsa ta rene shi a kan cewa ba a gaya wa mutum magana mai nauyi a gabansa, mai daɗi ko marar daɗi. Yana saurayi ya shiga aikin jirgin ruwa, a can ya koyi aski, yana gyara kawunan matuƙa. Kyaftin ɗinsu mutum ne mai wuyar sha'ani. Lefteri ya gano cewa idan ya sauka ɗakin inji, zai iya gaya wa kyaftin ra'ayinsa kaf, da ƙarfi, har da na uwar kyaftin, sannan ya hau sama ya yi masa aski da murmushi. Da jirginsu ya tsaya a New York ya sauka bai koma ba. An nuna masa shaguna a tituna masu shiru, da itatuwa a bakin ƙofa. Bai so ba. Na ƙarƙashin tasha ya zaɓa, wanda kowa ya gudar wa.

Bai yi aure ba. Wannan ba ya nufin babu wadda yake so.

A sama, a cikin ɗan ɗakin nan mai gilashi mai kauri inda ake sayar da tikiti, Kiriya Kaliopi ke zama. Kiriya haka muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Kiriye. Mijinta direban motar burodi ne, ya daɗe da rasuwa. Mace ce gajera, mai tsayayyen ido, ba ta maimaita magana, kuma ba ta taɓa ce wa fasinja ya maimaita tasa ba. Kowace rana idan ta tashi daga aiki da la'asar, takan sauko, ta tsaya a bakin ƙofar shagon. Ba ta shiga, don shagon aski wurin maza ne. Lefteri ya riga ya ɗora gahawa a ɗan risho da ke bayan labule. Ya kawo mata a ƙaramin kofi, da ruwan sanyi a gefe.

"Sannu da aiki, Kiriya Kaliopi."

"Sannunka, Kiriye Lefteri."

"Yau an yi iska."

"An yi."

Sai ruwan kwalba ya fara rawa. Lefteri ya rufe ido, ya yi magana, doguwa, har da dafa ƙirji. Ita tana tsaye tana kallonsa. Na sha ganin nata leɓɓan sun ɗan motsa a ƙarshe, amma na ɗauka gahawa take hurawa. Jirgi ya wuce, ya buɗe ido.

"Gobe ma an ce za a yi."

"Haka aka ce." Ta miƙa masa kofi ta tafi.

Haka aka yi ta yi har gashin kansa ya tashi daga baƙi ya koma fari, sannan ya tashi gaba ɗaya. Babu wanda bai zargi abin da yake gaya mata ba, amma babu mai shaida.

Abu biyu suka zo a shekara guda. Na farko, Kiriya Kaliopi ta ce za ta yi ritaya a ƙarshen bazara, ta koma wurin 'yarta a Florida. Ta faɗa ne a bakin ƙofa, tsakanin iskar yau da ta gobe. Lefteri ya ce, "An ce can akwai rana sosai." Ranar ya yanki mutum biyu a haɓa, abin da bai taɓa yi ba.

Na biyu, aka zo gyaran dogo. Ma'aikata suka yi makonni a sama, suka cire tsofaffin ƙarafa, suka sa sababbi, suka shimfiɗa roba a ƙarƙashinsu, aka kawo sababbin taragai. Da jirgi ya dawo aiki, ƙasa tana girgiza kamar da, ruwan kwalba yana rawa kamar da, amma ƙarar ta ragu ƙwarai. Ba wai an yi shiru ba. Amma idan mutum ya ɗaga murya, ana jinsa.

Shi kuwa Lefteri, shekarun da ya yi a ƙarƙashin tasha sun cinye masa rabin kunne. Maganar mutum yana kamawa idan an zo kusa, amma ya daɗe da daina auna jirgi da kunne. Ruwan kwalba yake kallo.

Manoli mai kifi ne a kujera ran da abin ya fara. Manoli ƙato ne, muryarsa tana kaiwa titi na uku, kuma ba ya zama sai ya ba da labarin wani kifi da ya kama a gida yana yaro, wanda ke ƙara tsawo duk shekara. Muna kan benci ni da Fada Yerasimos, limamin cocinmu. Ruwa ya yi rawa. Lefteri ya ɗaga aska, ya rufe ido, muka ji murya tangaran:

"Manoli, maƙaryacin banza, kifin da ka kama bai kai yatsana ba, in ma ka kama. Kana warin kasuwar jiya. Duk ranar da ka zauna a kujerar nan sai kuliyoyin unguwa su kwana a ƙofata."

Jirgi ya wuce. Ya buɗe ido.

"Daga nan sai kifin ya yi yaya, ɗan'uwa?"

Na ga wuyan Manoli ya kumbura a ƙarƙashin kumfa. Ya dubi madubi, ya haɗa ido da Fada. Fada ya ɗora yatsa a kan leɓɓansa a hankali. Manoli ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ce, "Sai... sai ya tsere." Tun da nake jin labarin, ranar ce kifin ya fara tserewa.

Da muka fito, Manoli ya ce, "Fada, ka ji abin da tsohon nan ya ce da ni? Shekara nawa yana yi mini haka?"

"Tun kana da gashi, ina tsammani," in ji Fada. "Ka bar shi. Idan ka gaya masa, kunya za ta kashe shi."

"To ni fa?"

"Kai ba ta kashe ka ba, ga ka nan."

Fada ya faɗi haka ne don tausayi. Amma na lura washegari ya dawo gyaran gemu, alhali limamanmu ba su cika taɓa gemu ba. Ya kuwa samu rabonsa. Lefteri ya rufe ido ya gaya masa cewa wa'azinsa ya fi tafiyar jirgin ruwa tsawo, kuma a jirgin ruwa ko ba komai mutum yana iya faɗawa teku. Ran Lahadi muka fito coci da wuri, har matan gida ba su gama dafa rago ba.

Labari ya zaga. Shagon da a da mutum uku ke cika shi ya zama sai an yi layi. Masu sanƙo suna zuwa aski. Mai gidan hayarsa ya zo ya ji nasa, bayan kwana kaɗan aka ga an turo mai gyaran famfo. Kowa yana fita da jan kunne, amma kowa yana dawowa, don bayan an ji naka sai a zauna a ji na wani. Ni ma na ji nawa. Ba zan maimaita ba. Ya shafi kunnuwana da wata hula da nake so, kuma akwai gaskiya a ciki. Lefteri kuwa yana ta mamaki. "Kasuwa ta buɗe, Barba Sotiri," in ji shi. "Ashe mutane sun fara gane aikin hannu."

Amma taron la'asar ya fi kowane. Da an ji takun Kiriya Kaliopi a matakala sai benci ya yi tsit, kowa ya ɗaga jarida. Ranar farko muka ji abin da aka daɗe ana zargi, sai dai bai zo yadda muka zata ba.

"Kaliopi," in ji shi, ido a rufe, babu ko Kiriya, "kada ki tafi. In kuwa sai kin tafi, ki tafi da ni. Ba ni da komai sai hannuwan nan da risho. Ina minshari, gara ki sani tun yanzu. Tun ranar da kika sauko da jar lema kika tambaye ni inda ake gyaran takalmi ban ƙara shan gahawa ni kaɗai da daɗi ba. Ki aure ni."

Babu wanda ya yi dariya. Manoli ya fyace hanci a jarida.

Jirgi ya wuce. "Yau an yi zafi, Kiriya Kaliopi."

"An yi." Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta sha, ta miƙa kofi, ta tafi.

Muka shiga shawara a shagon Manoli. Ta ji ko ba ta ji ba? Tana tsaye kusa da shi fiye da mu. In ta ji, me ya hana ta amsa? Manoli ya ce shi zai hau sama ya tambaye ta. Ya hau. Ya dawo da tikitin da bai yi niyyar saya ba, ya ce ta dube shi ne kawai ta gilashi har ya manta abin da ya kai shi. Aka ce to a gaya wa Lefteri gaskiya. Kowa ya yarda ya kamata, kowa kuma ya ga ya fi dacewa wani ya yi. Bazara tana ta ƙarewa. Kullum da la'asar sai ya roƙe ta a gaban rabin unguwa, yana ƙara sababbin aibobinsa don kada ta ce ya ɓoye mata, kullum kuma a rufe da zancen zafi.

Ranar aikinta ta ƙarshe ni ne a kujera. Ba tsarawa na yi ba, layi ne ya kawo. Ya gama aske mini kumatun dama, ya rage gashin baki na wannan gefen, gefen hagu yana cikin kumfa. Shago ya cika, har a bakin titi akwai masu ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Sai ga ta ta sauko, rungume da kwali: 'yar rediyonta, matashin da take zama a kai, da ɗoɗɗoyar da ta shuka a gwangwanin man zaitun.

Ya kawo gahawa a kan faranti.

"Sannu da aiki, Kiriya Kaliopi."

"Aiki ya ƙare, Kiriye Lefteri."

Ruwa ya yi rawa. Ya rufe ido. Ranar bai yi doguwar magana ba. "Kaliopi, gobe wa zan dafa wa? Ki aure ni, don Allah."

Jirgi ya wuce. Ya buɗe ido. "An ce gobe za a yi..."

"Na ji," in ji ta.

"Hadarin? Ai a rediyo..."

"Ba hadari ba. Na ji. Manoli ya ji. Fada ya ji. Mai wankin kaya na tsallaken titi ma ya ji, shi da ko yarenmu ba ya ji."

Lefteri ya juyo a hankali ya dubi benci. Jaridu suka ƙara hawa sama. Ta Fada a juye take.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka gyara dogo, ɗan'uwa," in ji Manoli daga bayan jarida. "Kuma ka sani, kifin ya kai hannuna. Har gwiwar hannu."

Na ga Lefteri yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, yana tuna abin da ya gaya wa kowa. Da ya zo kan Fada sai ya nemi abin dafawa, ya dafa kaina.

"Fada, ni..."

"Na rage wa'azin, ɗana. Kowa ya ji daɗi. Ka juya, ba ni ke tsaye da kwali ba."

Kiriya Kaliopi ta ajiye kofi a kan kwalin. "Su tun gyara suka fara ji. Ni tun jar lema."

"Ba zai yiwu ba. Ƙarar..."

"Kiriye Lefteri, rabin rayuwata ina bayan gilashi, jirgi yana wucewa ta gefen kunnena, mutane suna tambayata hanya. Kana tsammani da kunne nake jinsu? Baki nake kallo. Naka ma ya fi na kowa sauƙi, kana buɗe shi kamar mai kiran awaki."

"To... to me ya sa ba ki taɓa amsawa ba?"

"Wa ya ce ban amsa ba? Kullum sai na amsa. A inda ka tambaya, a nan nake amsawa. Laifina ne idonka a rufe?"

Wani a bakin ƙofa ya ce, "Kai!" aka ce masa ya yi shiru.

"Me... me kike cewa?"

"A'a, ba haka za ka ji ba." Ta gyara riƙon kwali. "Aurena na fari, kawuna ne ya yi magana da kawunsa a kan farantin zaitun, ni ina kicin. Ba wanda ya tambaye ni. Wannan karon sai an tambaye ni a cikin shiru, ido a buɗe, kamar yadda ake tambayar mutum. In ba haka ba, motar surukina za ta zo gobe da safe."

Lefteri ya saci kallon kwalba, kamar yadda mai nutsewa ke kallon gaɓa. Allah da ikonsa, ruwa ya fara rawa, jirgin ɗaya ɓangaren ne ke zuwa. Fuskarsa ta washe, ya ja numfashi, fatar idonsa ta fara sauka.

Ta ɗaga hannu ɗaya, irin yadda take tsayar da mai son tsallake layi. "Jira ya wuce."

Muka jira. Ban taɓa ganin jirgi mai tsawon wannan ba, kuma ban taɓa jin shiru irin wanda ya biyo bayansa ba. Har tantabarun da ke ƙarƙashin gada ana jin takunsu. Lefteri yana tsaye, aska a hannu, gumi yana bin sanƙonsa. Idonsa a buɗe, ya buɗe su fiye da kima, kamar wanda likita zai ɗiga wa magani.

Leɓɓansa suka motsa. Ni da nake kusa da shi fiye da kowa, ban ji komai ba sai ɗan huci. Mutumin da ya saba yi wa jirgi ihu, da aka ba shi shiru sai murya ta ƙi fita.

"Ba mu ji ba!" in ji Manoli. "Ɗaga murya, tsoho!"

"Ba kai aka tambaya ba, mai kifi," in ji Kiriya Kaliopi, ba ta ko dube shi ba. Idonta yana kan bakin Lefteri. Ta bari ya gama. Sannan ta ce wani abu ita ma, gajere, ba sauti, a hankali yadda ko ɗan koyo zai karanta. Sai ta miƙa masa kwalin. "Riƙe. Kula da ɗoɗɗoyar, ba ta son a karkata ta."

Ya ajiye aska a gaban madubi, a buɗe, kusa da kwalba. Ya karɓi kwali da hannu biyu. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya gan ni cikin farin ƙyalle da rabin fuska.

"Barba Sotiri, kada ka motsa. Yanzu zan dawo."

Fada ne ya ɗaura auren, wa'azin ma bai yi tsawo ba. Suka tafi Florida tare. Manoli ya kai musu ziyara wata shekara, ya dawo ya ce wurin shiru kamar maƙabarta, Lefteri ya yi wata guda bai ce komai ba sai "an yi rana", har ta gaji ta saya masa injin yankan ciyawa mai tsohon inji. Tun daga nan kullum da la'asar yana zagaya ɗan filin gidan yana ta magana, ita tana zaune a baranda da gahawa tana kallon bakinsa, wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta jefe shi da silifa. Ya yi shekaru masu kyau a can kafin ya rasu. An ce ciyawar gidan ba ta taɓa samun damar tsawo ba.

Ni dai ranar na zauna a kujera kamar yadda ya ce. Jama'a suka bi su, shago ya zama ba kowa. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ruwa yana rawa, kumfa tana bushewa a kumatuna na hagu har ta fara tsagewa. Da rana ta yi ƙasa na tashi na ninke masa ƙyallensa, na ja ƙofa. Askar ban taɓa ta ba, don ba ya son a taɓa masa kayan aiki.

A gida matata ta gwada daidaita gashin bakin da almakashin ɗinki. Na je wurin masu aski da yawa tun daga lokacin, duk sun yi iya ƙoƙarinsu. Har yau gefen hagu ya fi na dama tsawo.